Yadda ake gane tukwanen Abuja na asali

Hajiya, kin tambaya ko tukunyar nan mai murfi da kika gada wajen kakarki aikin Abuja ce. Kife ta ki duba gindinta. Kayan cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew, wani magini Baturen Ingila, ya buɗe a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, suna da ƙaramin hatimi, "Abuja" da ajami, ga harufan sunan magini a gefe. In kika ga LK, hannun Ladi Kwali ne, wadda ta shiga cibiyar a 1954, ita ce a jikin naira 20.

Ƙwanƙwasa ta da farce. Lafiyayya tana ƙara kamar ƙarfe, mai tsaga kuwa muryarta a dishe take.

Don Allah kada ki ɗora ta a murhu, kada soson ƙarfe ya taɓa ta. Ruwan ɗumi da tsumma sun wadatar.