Ɗana ya ci 218 a JAMB yana son injiniyan man fetur, in sayar da shanun huɗata?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ɗana na fari ya ci maki 218 a JAMB, ya cike Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, sashen injiniyan man fetur. A WAEC yana da kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks da wasu uku, amma Kemistiri D7 ya samu, muna jiran NECO. Ni malamin firamare ne, ina ɗan taɓa noma. Wani ya ce in kawo naira dubu 150 ya samo masa gurbi. Ina tunanin sayar da shanun huɗata biyu in biya shi, ragowar a yi rajista. Zai samu kuwa? Kuma nawa ya kamata in tanada? Daga wani uba a Kumo, jihar Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaron, ya yi masa albarka. Ka fara yi masa barka, domin 218 ba abin rainawa ba ne. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin ɗalibai kimanin miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba cikin 400. Yaronka ya yi ƙoƙari. Sai dai kafin mu je kan makin nan, akwai abin da ya fi shi tayar mini da hankali a wasiƙarka, wato D7 ɗin Kemistiri.

Kowane sashen injiniya yana neman kiredit biyar, kuma dole a ciki a samu Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, a zama ɗaya ko biyu. D7 fas ne, ba kiredit ba. Ko 300 ya ci a JAMB, muddin Kemistiri bai kai C6 ba, sunansa ba zai shiga jerin waɗanda za a duba ba. Saboda haka NECO ɗin da kuke jira ita ce maganar. In ta fito da kiredit, ana iya haɗa ta da WAEC a matsayin zama biyu, amma sai ya je cibiyar CBT da JAMB ta amince da ita a ɗora sakamakon a shafinsa na CAPS, wato tsarin intanet da JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinsa. Ina jaddada wannan ne don na ga abin da ido na. Wata shekara wani dattijo ya zo ofishina da ɗansa, takardun yaron a cikin leda an naɗe su da kyau, maki ya haura na yawancin waɗanda aka ɗauka. Da muka buɗe shafinsa sai muka tarar gurbin sakamakon sakandare fayau, ba a ɗora komai ba. Dattijon ya daɗe yana kallon allon kwamfutar bai ce uffan ba. Shekara guda ta tafi a kan aikin da bai fi na minti goma ba.

To, a ce Kemistiri ya fito. Mutane da yawa suna ruɗewa da abin da ake kira katof, suna zaton wanda ya haye shi ya samu shiga. JAMB tana da nata mafi ƙarancin maki, wanda a 2025 aka tsayar a 150 ga jami'o'i. Jami'a tana da nata, wanda ke ba ɗalibi damar sayen fom na tantancewa kawai. Na gaskiyar shi ne na sashe, kuma wannan ba wanda ya san shi tun farko, domin shi ne makin mutum na ƙarshe da gurbi ya kai kansa. Adadin guraben kuwa ba son ran shugaban sashe ba ne. Hukumar jami'o'i ta NUC da majalisar injiniyoyi ta COREN suna duba yawan malamai da ɗakunan gwaji da na aikin hannu kafin su amince da kwas, kuma sashen da ya cika ɗalibai fiye da ƙima yana iya rasa amincewarsu.

A jami'o'in tarayya ana raba guraben gida uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina a ƙasar, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Gombe tana yankin ATBU, tana kuma cikin rukuni na uku, don haka ɗanka yana da ƙofa uku. Wannan abin farin ciki ne, amma ka tuna 'ya'yan Bauchi da Yobe da Borno da Adamawa da Taraba su ma a bakin waɗannan ƙofofin suke tsaye. A ce sashe yana da gurbi 60: 27 na cancanta, 21 na yanki, 12 na rukuni na uku. Da 218 a kwas da kowa ke rububinsa, da wuya ya shiga 27 ɗin farko. Fatansa yana cikin 33 da suka rage, su ma jihohi da dama ke rabonsu. A ganina yana da dama, amma ba irin wadda mutum zai sayar da dukiyarsa a kanta ba.

Abin da zan so ka yi shi ne ka tura shi Bauchi, ko ku je tare, daga Gombe bai wuce kilomita 150 da 'yan kai ba. Ya nemi ɗaliban aji ɗaya na sashen, ya tambayi biyar ko shida 'yan Gombe da nawa suka shiga. Abin da za su gaya masa ya fi duk wani jadawali da ake yawo da shi a WhatsApp.

Sannan ku zauna ka tambaye shi me ya sa man fetur. Na san tun da aka ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a watan Nuwamba na 2022, yaranmu da yawa suka ƙwallafa rai a wannan kwas. Ban ga laifinsu ba. Amma rijiyar mai ba injiniyan man fetur kaɗai ke aiki a kanta ba. Akwai na kanikanci, na lantarki, na sinadarai, na gine-gine. Shi kuma wanda ya karanta kanikanci ko lantarki, in bai samu aikin mai ba, masana'antar siminti ta Ashaka tana buƙatar irinsa, tashar wutar madatsar Dadin Kowa ma haka, ga harkar sola da ta cika gari. Injiniyan man fetur hanyarsa ɗaya ce, in ta toshe sai ya koma neman abin da bai karanta ba. Waɗancan sassan su ma ana cinkoso a kansu, ban ce sauƙi gare su ba. Wanda galibi ake samun sarari a cikinsa shi ne injiniyan aikin gona, kuma ni ban taɓa ganinsa a matsayin koma-baya ba. Yaron da ya tashi a Kumo ya san garma, ya san injin casa da famfon ban-ruwa, ya riga ya fi abokan karatunsa sanin abin da ake magana a kai. JAMB tana ba da damar sauya kwas, sai dai a yi kafin jami'a ta rufe tantancewa.

Maganar mai neman dubu 150 kuwa, kada ka ba shi ko sisi. Tun 2017 duk wani gurbi na halak ta CAPS yake bi: jami'a ta miƙa suna, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga shafinsa ya karɓa da hannunsa. Irin waɗannan mutane suna karɓar kuɗin mutum goma, uku su samu da ƙoƙarin kansu, su ce su suka yi, sauran bakwai a ce musu sai jeri na biyu. Wanda kuma aka cusa ta bayan fage, ranar da ya gama aka zo tura sunaye bautar ƙasa ne zai gane JAMB ba ta san da shi ba.

Yanzu kuɗi. Kuɗin rajista shi kowa ke kallo saboda a dunƙule ake biyansa, amma ba shi ke karya uba ba. Adadinsa yana sauyawa, ka ɗauko na bana daga shafin jami'ar. Digirin injiniya shekara biyar ne, ba huɗu ba, kuma ni shida nake cewa iyaye su lissafa. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, mai gidan haya kuwa bai rage wa kowa ko kwabo ba. Ga kuma kwas ɗin da yaro zai iya faɗuwa ya maimaita, wanda a lissafin injiniya ba abin kunya ba ne, yana samun masu ƙoƙari ma.

Abin da ke cin kuɗi shi ne na kullum. Abinci, kuɗin keke Napep, data, buga takardu, sabulu, magani in zazzaɓi ya kama. In bai samu gado a ɗakin kwanan makaranta ba, sai haya a unguwannin Yelwa, wadda shekara ake biya gaba ɗaya. Sai kayan da kwas ɗin ke nema: allon zane da kayansa, kalkuleta ta kimiyya, rigar aiki da takalmin kariya. Zuwa aji biyu ko uku dole sai da laftof mai ɗan ƙarfi, domin manhajojin zane irin su AutoCAD ba sa tafiya yadda ya kamata a waya. A aji huɗu akwai SIWES, wata shida na koyon aiki a masana'anta, wataƙila a garin da ba ku da kowa, ga haya ga abinci. A aji biyar ga furojet, wanda sau da yawa ƙera wani abu ne da ƙarfe da waya da walda, daga aljihun ɗalibi. Ka sa ɗanka ya tambayi ɗan aji uku mai tsimi nawa yake kashewa a wata. Ka ninka da goma, ka ɗora rajista da haya, wannan ne kuɗin shekara. Sai ka ajiye shi kusa da albashinka da abin da gona ke bayarwa, ka tuna akwai ƙannensa a baya.

Nan ne nake roƙonka ka bar shanun nan. In ka sayar, kuɗin zai ƙare kafin ya gama aji biyu, damina ta zo kana biyan kuɗin huɗa a gonarka. In suna nan, su za su noma masarar da waken da za ka riƙa ɗora masa a mota duk zango, ga ɗan abin da kake samu in ka yi wa maƙwabta huɗa. Ɗalibin da ke da rabin buhun masara da kwanon wake da galan na mai a ƙarƙashin gado, rabin wahalarsa ta ƙare. Na ga yaran da suka bar karatu a aji uku, kuma yawancinsu ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, yunwa ce.

Rajista kuwa akwai mafita. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu na 2024, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba ɗalibi naira dubu 20 a wata in ya nema. Babu ruwa a kai, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya, kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Bashi ne dai, ya san da haka tun yanzu. Sai ya zama ɗalibi sannan zai nema, da lambar JAMB da NIN da BVN, don haka rajistar farko ka shirya mata da kanka. Tallafin karatu na jiha da na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ya nema duka, amma kada ka sa su a lissafi sai sun shigo hannu.

In jerin sunaye ya fito babu shi, ban so ya zauna gida yana jiran baɗi hannu rabbana. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, a Gwallameji, tana da diflomar ND ta injiniya, shekara biyu. Wanda ya fita da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ya yi huɗu ya gama. Shekara ɗaya ce ta ƙaru a kan biyar, kuma 'yan difloma da na koyar sun fi kowa sakin jiki a ɗakin aikin hannu, hannunsu ya riga ya saba da ƙarfe. Ita ma diflomar tana neman Kemistiri. Don haka in NECO ta fito bai samu ba, ɗan kuɗin da ka tara ka fara cire na fom ɗin jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, WAEC ko NECO, ka nemo masa malamin Kemistiri a nan Kumo ya riƙa zama da shi da yamma har ranar jarrabawa.