Daga Aji Zuwa Kantin Kwari: Amsoshin Wasiƙun Ɗalibai

Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga ɗaliban jami'a suka fito, kuma kusan duk hanyar kasuwa suka nufa. Ga uku daga ciki.

Anti, ina aji biyu a sabuwar BUK (Jami'ar Bayero, Kano). Ranar Alhamis ƙarfe 12 muke fitowa daga laccar ƙarshe, shi ne muka shirya shiga gari ni da ƙawata. Ina son atamfar da zan sa a bikin 'yar ajinmu, da takalmi, ita kuma za ta duba waya, daga nan mu wuce Ado Bayero Mall mu sha askirim. N45,000 ne a hannuna. Ta ina za mu fara, kuma ta yaya zan gane atamfa ta ƙwarai?

'Yata, yini ɗaya kika ce, amma aikin yini biyu kika lissafo mini. Kantin Kwari, Ƙofar Wambai, Singa da Sabon Gari duk ɓangare ɗaya suke, ta wajen Fagge. Kasuwar waya ta Farm Centre da Ado Bayero Mall kuwa suna can ta Tarauni da Zoo Road. Ku kuma daga titin Gwarzo za ku taso, ku ratsa Rijiyar Zaki da Kabuga kafin ma a ce kun shigo gari. Kafin ku sauka a Kwari azahar ta yi. In kuka dage sai kun haɗa duka, rabin yinin a cikin adaidaita sahu zai ƙare, kuɗin askirim ɗin ma ya tafi a kuɗin mota. Ku ba wa Kwari da Wambai Alhamis ɗin, waya da askirim ku sa musu tasu ranar, tunda maƙwabtan juna ne. Kada dai ku mayar da tafiyar Juma'a. Masallacin Juma'a na Fagge yana nan kusa, shaguna suna rufewa lokacin salla, hanya kuma ta cushe.

Ku ci abinci kafin ku shiga. Mai jin yunwa ba ya iya ciniki, farashin da aka fara faɗa masa yake biya don ya samu ya fita.

Batun atamfa kuma, fara da sanin cewa yawancin abin da ke jibge a Kwari yanzu daga Chana yake zuwa, kuma wannan ba aibi ba ne. A cikinsu akwai masu kyau da za ki daɗe kina sawa. Aibin shi ne a sayar miki da ita da sunan wata. Super ta asali, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a Holan, kuɗinta ya fi ƙarfin abin da ke hannunki, don haka duk wanda ya ce zai ba ki ita har ki samu canjin takalmi, takardar da aka liƙa kawai yake sayar miki. Ki ce masa ke mai matsakaicin kuɗi kike so, amma auduga.

In an miƙo miki, kada ki tsaya kallon zanen a ninke. Ki sa a warware. Ki juya bayanta: atamfa mai kyau launinta yana ratsawa, ciki da bai kusan ɗaya, ba fuska jawur baya fari-fari ba. Ki duba bakinta, inda ake rubuta sunan kamfani da lambar zane. Ki murza gefe ɗaya a hannu. In ta yi santsi tana ƙyalli, roba ce ta yi yawa, kuma a zafin Kano za ki gane kurenki tun kafin a gama kamu. In ta yi ƙarfi ƙaƙau, wataƙila sitaci ne, wanki ɗaya zai nuna miki sirantarta. Ki tafi da farin hankici, ki ɗan jiƙa shi da ruwan leda ki goga a gefe. In ya ɗauko launi sosai, mai zuba ce. Ki fito da ita bakin shago ki gani a hasken rana, don fitilun cikin shago suna ƙara wa kaya kyau. Turmi yadi shida ne, ki tabbatar ya cika kuma ba haɗi a tsakiya.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe. Ƙawar nan taki ita ce ribar tafiyar, ita ce kuma asararta, ya danganta da abin da kuka shirya a hanya. Ƙawar da za a buɗe atamfa ta dafe ƙirji ta ce “Wayyo, wannan ta yi miki!” a gaban mai shago ta gama ƙara miki kuɗi. Ku yi magana tun a cikin adaidaita: ke ce mai saye, ita ce mai kushe. Aikinta ta ce an ga irinta a layin baya, ta ja mayafinki ta ce ku tafi. Ita za ta riƙe lissafi, ita za ta tuna miki akwai kuɗin ɗinki yana jira, don ɗalibai da yawa a nan suke faɗuwa, atamfa ta kwana a akwati har biki ya wuce. Ku tambayi kuɗin irin wadda kike so a shago uku kafin ki taya ko ɗaya. In kin taya ya ce albarka, ba faɗa ba ne, ki ƙara kaɗan ko ki yi gaba. Sau da yawa kafin ki kai bakin layi an kira ki. Amma in ya sallama a kan kuɗin da kika taya da bakinki, ki biya. Tayawa a gudu ba hali ba ne.

Samarin da za su tare ku da “Hajiya me ake nema?” ku amsa gaisuwarsu ku wuce. La'adarsu a cikin kuɗinki take fitowa. Kuɗin komawa makaranta kuma ki ware shi tsaba a wani aljihu daban, don tiransifa takan maƙale, kuma mai kaya ba zai sake ki ba sai ya ga alat. Takalmi ku ƙarasa Wambai, ki gwada ƙafa biyun, ki taka. Da an yi la'asar ku fara neman hanya, kafin 'yan kasuwa su tashi titi ya tsaya.

Anti, na tara kuɗin NELFUND, asusun gwamnati na ba wa ɗalibai bashin karatu, na wasu watanni, ina so in sayi waya ta hannu. Abokina ya ce yana da mutum a Farm Centre da zai yi mini sauƙi. In bi shi?

Ɗana, ka bi shi, amma ka tafi da idonka. Mutumin abokinka na abokinka ne, kuma kunya ce babbar matsalar irin wannan ciniki: za ka ga aibi ka yi shiru don kada ka ba da abokinka. Ka gaya masa tun a makaranta cewa za ka duba wayar kamar ba ka san kowa ba.

Ka danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, a rubuta ta a jikin rasit mai sunan shago da lambarsa. Wayar da ba rasit ka bar ta komai arharta, domin in ta sata ce, wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa. In iPhone ce, a cire asusun iCloud ɗin mai ita a gabanka, ka duba lafiyar batir. Ƙasa da kashi 80 yana nufin canjin batir na nan tafe, sai a rage maka kuɗinsa. In Android ce, a cire asusun Google, a goge ta gaba ɗaya, ka sa naka kafin ka biya. Ka sa layinka ka kira abokin naka, ka gwada caji, kyamara da lasifika. Ka nemi a ba ka kwanakin gwaji a rubuce.

Sai dai ka tuna N20,000 ɗin nan da NELFUND ke ba ka wata-wata bashi ce, ba kyauta ba. Ba ruwa a kanta, amma ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ɗalibin da zai karanta handawut a waya batir mai daɗewa da wadataccen wurin ajiya yake buƙata. Sabuwar waya mai matsakaicin kuɗi, da garantinta a kwali, ta fi maka tsohuwa mai babban suna.

Anti, 'yar ɗakinmu 'yar Ibadan ce, za ta tafi hutu tana son tsarabar Kano. Ina zan kai ta?

Kurmi, ƙanwata. Kasuwa ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma a nan za ta samu jakunkuna da takalman fata aikin dukawa, da huluna ga babanta. Ki sa ta shinshina fatar, ta duba ɗinkin, don akwai roba a cikinsu. Ke za ki yi cinikin, ita ta yi shiru ta nuna da ido. In da sauran lokaci ku leƙa marinar Ƙofar Mata ta ga yadda ake rini da baba. Kilishi kuma ku saya a Agadasawa ana gobe za ta tafi, a naɗe shi a takarda, kada a ƙulle shi a leda da ɗuminsa.