Amsa: Me ya sa Turawa ba sa rushe gidajen zamanin Sarauniya Victoria?

Malam, ka tambaya me ya sa Ingila ke kashe kuɗi wajen gyara tsofaffin gidajen zamanin Sarauniya Victoria maimakon a rushe su a gina sababbi. Bari in ba ka misalin gida ɗaya, Cragside, da ke kusa da garin Rothbury a arewacin Ingila.

William Armstrong, injiniya kuma mai ƙera makamai, shi ya fara gina shi a 1863, ɗan ƙaramin gida ne na hutu a kan dutse. Daga 1869 mai zanen gine-gine Richard Norman Shaw ya yi ta faɗaɗa shi, da dogayen bututun hayaƙi da katakai a jikin bango irin na tsohon salon Ingila.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwa. Armstrong ya tare ruwa a tafkuna a saman tudu, ya sa shi yana juya injin, har gidan ya zama na farko a duniya da aka haska da lantarkin ruwa. A 1880 aka sa masa ƙwan fitilar lantarki irin wanda Baturen Ingila Joseph Swan ya ƙirƙira. Ruwan nan kuma shi ke ɗaga lif, har da juya naman gashi a kicin. Ka ji fa, a wancan zamanin!

Irin wannan tarihin ne ya sa ake adana gida kamar wannan maimakon a rushe shi. Tun 1977 gidan yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, kuma doka ta hana a taɓa fasalinsa ba tare da izini ba. Baƙi na biyan kuɗin shiga, kuɗin na taimaka wa gyaransa.