Tambarin gahawa ba suna: ya dace da sabon shago?

Malam, ka ga kofin Starbucks, babban kamfanin shagunan gahawa, tambarinsa ba rubutu, kana tambaya ko kai ma ka cire suna daga tambarin shagon gahawarka.

Da suka buɗe a Siyatil ta Amurka a 1971, tambarinsu ruwan ƙasa ne, sunansu a rubuce kewaye da 'yar ruwa mai wutsiya biyu. Launin kore ya shigo a 1987. Sai 2011 suka cire rubutun, bayan shekara 40 ido ya saba. 

Kai sabo ne, bar sunanka ɓaro-ɓaro. Kuskuren da na fi gani shi ne kwaikwayon koriyar da'irarsu, yana iya jawo maka ƙara a kotu. Nemi ƙwararren mai zane, lauya kuma ya duba kafin rajista.