Tambaya da Amsa: Rubutun da ke allon jami'ar lafiya ado ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanwata ce ta samu gurbi a jami'ar kimiyyar lafiya za ta karanci aikin nas, ranar da na raka ta rajista na ga wani ƙaton allo an jera manufofin makarantar, koyarwa, bincike, hidima ga jama'a, can ƙasa kuma wai gaskiya da tausayi da riƙon amana. Ni dai dariya na yi don kowace makaranta haka take rubutawa. Da gaske ana aiki da su ko dai ado ne? Daga wata yayar ɗaliba.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, Allah ya sa ta gama lafiya. Dariyarki ba laifi, allo kam kowa ma zai iya bugawa. Amma fa jami'ar lafiya daban take, don ɗalibanta tun ba su karɓi shahada ba suke taɓa jikin mutane suna jin sirrinsu, to kin ga in amanar nan ba ta shiga tun a aji ba wallahi a gadon asibiti za a gani.

Kuma kalmomin nan ba haka kawai suka faɗo ba. Bayan yaƙin duniya na biyu da aka ga irin ta'asar da likitocin gwamnatin Nazi ta Hitler a Jamus suka yi wa fursunoni da sunan gwaji, Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da rantsuwar kama aikin likita da ake kira rantsuwar Janeba a 1948, a 1964 kuma aka zo da ƙa'idar Helsinki wadda ta ce ba a bincike a jikin mutum sai da yardarsa. A 2017 ma an sake gyara rantsuwar aka ƙara cewa likita ya mutunta zaɓin majinyaci, ya kuma kula da lafiyar kansa, wannan na ƙarshen ni ya fi burge ni don na sha ganin ma'aikata na layi saboda rashin barci.

Shi kuma binciken da kika gani a allon, ga misalin amfaninsa: a 1847 a wani asibitin koyarwa a Biyana, babban birnin ƙasar Austriya, masu jego na ta mutuwa da zazzaɓi, sai wani likita Semmelweis ya lura ɗalibai daga ɗakin fiɗar gawa suke wucewa kai tsaye su duba mata. Ya sa dole kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka ragu sosai, amma manyan likitoci da yawa a lokacin suka ƙi yarda da shi.

In kina son sanin ko makarantar ƙanwarki da gaske take, bar allon, jira ta fara zuwa wod, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya. Ki tambaye ta, ana koya musu su ja labule kafin su buɗe jikin mara lafiya? Suna faɗa masa cewa su ɗalibai ne, su nemi izini? In ɗaliba ba ta auna hawan jini ba tana iya cewa na manta, ko sai ta cika fayil da lambar ƙarya don tsoron a yi mata tsawa gaban mutane? Wannan ta ƙarshen ita na fi so ki tambaya, ki kuma ji me malamar ta yi wa wadda ta faɗi gaskiya.