Suya Tana Kashe Gubar Gyaɗa Mai Fumfuna?

Tambaya: Ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. An ce gyaɗar da ta yi fumfuna tana kawo kansar hanta. Idan na soya ta sosai, ba shi ke nan ba? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: A'a, Hajiya. Wuta tana kashe fumfunar, amma gubar da ta bari, wato afalatoksin, tana jure zafin suya, wani sashe kawai ke raguwa.

Abin mamaki, hanta ce da kanta ke wasa wa gubar kaifi. A ƙoƙarinta na sarrafa ta, sai ta mayar da ita wani sinadari mai liƙewa a jikin guwanin, ɗaya daga cikin tubala huɗu na ƙwayar halitta ta DNA. Da ƙwayar ta zo kwafar kanta, sai a samu wani tubalin mai suna T inda ya kamata a ga G, wato guwanin. Idan kuskuren ya faɗa wa gurbi na 249 na TP53, wani sashen DNA mai tsaron da ke hana ƙari girma, ƙofar cutar kansa ta buɗe. Ga mai ciwon hanta nau'in B kuwa, haɗarin ninkuwa yake.

Gyaran daga gona yake farawa. A shanya gyaɗa a kan tamfol har danshinta ya sauka ƙasa da kashi 8 cikin 100, a jera buhuna a kan katako nesa da bango. Ki tsince waɗanda suka yamushe, masu huji da waɗanda suka sauya launi. Kada ki zuba wa shanun tatsa su, domin gubar tana bin nono. Kuma bayan matsa, tunkuza ce ke riƙe mafi yawanta, ita ce kuma ke zama ƙuli-ƙuli.