Actus reus da mens rea: kalma ɗaya ce ko biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce ina karatun lauya a nan Legas. Wallahi kalmomin Latin ɗin nan sun ishe ni, a darasin laifuka lakcara ya ce actus reus can kuma ya ce mens rea, to wai reus da rea kalma ɗaya ce ko biyu? Kuma bona fide da bona fides wanne ne daidai? Hauwa, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, kwantar da hankalinki, abin nan kin daɗe kina yinsa a Hausa ba ki lura ba ne kawai. Ai ba kya cewa farin riga, farar riga kike cewa, sannan farin doki, fararen kaya. To haka Latin take, siffa tana bin jinsi da adadin sunan da take tare da shi. Actus wato aiki namiji ne sai aka ce reus, mens wato zuciya ko niyya mace ce sai aka ce rea, kalma ɗaya ce mai nufin mai laifi. Sai dai su suna da jinsi na uku, ba namiji ba mace, shi ya sa mai kyau ke zuwa bonus, bona, bonum.

Tambayarki ta biyu kuwa, in kin yi nahawu a Islamiyya kin san kitabun, kitaban, kitabin, yadda ƙarshen kalma ke sauyawa gwargwadon aikinta a jimla, to Larabci hali 3 gare shi, Latin 6 ne, duka biyun da kika kawo daidai ne, bona fides ita ce kyakkyawar niyyar kanta, bona fide kuma “da kyakkyawar niyya”, wannan “da” ɗin yana cikin ƙarshen kalmar. Haka amicus curiae, curia kotu ce, curiae na kotu, abokin kotu kenan.

Sunaye a Latin sun kasu gida 5, ana gane gidan daga ƙarshen mallaka, wato sigar da ke nufin “na wane” irin ta curiae: -ae, -i, -is, -us, -ei. Ni shawarata kar ki haddace kalma ita kaɗai, ki riƙe ta da sigar mallakarta da jinsinta, mens, mentis, mace, ko a danfo kike cikin goslo ki dinga maimaitawa. Kuma kada -a ta ƙarshen kalma ta ruɗe ki ki ɗauka kullum mace ce, nauta wato matuƙin jirgin ruwa namiji ne, nauta bonus ake cewa.